Barbarar Yanyawa a Bayan Ɗa'ifa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ka'akiyya, ni da ɗana, a tsohuwar motar gona mai buɗaɗɗen baya. Unguwa ba ta gama farkawa ba, sai mai gasa burodin nan da ake kira tamis da ya hura tanderunsa, da kyanwoyi a bakin lungu. Wannan ce fitata ta farko mai nisa tun da na gama takaba. Ni ban iya rubutu ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini. Maƙwabciyata ce, matar wani ɗalibin ilimi ɗan Kano, take rubutawa a waya ina faɗa mata, don ku 'yan'uwa da kuka yi ta aiko mini da ta'aziyyar Malam ku ji cewa na fara taka ƙasa. In kun ga magana ta karkace, bakina ne, ba hannunta ba.

Kada ku yi dariya in na gaya muku abin da ya fitar da ni. Kare na je zaɓowa. Tsohuwa kamata, da tasbaha a hannu, a garin Makka.

Ga yadda abin yake. Malam, Allah ya jiƙansa, ɗan gidan mafarauta ne tun daga gida. Da muka zo aikin hajji muna da ƙuruciya muka zauna, ya yi dako, ya yi wankin mota, daga baya ya sami gadin wata gona a bayan Ɗa'ifa, inda ake noma inabi da rumman da ciyawar dabbobi da suke kira barsim, ana kuma kiwon kaji da tattabaru. Shekara kusan talatin yana can, kuma bai taɓa zama babu kare ba. Da ciwo ya kwantar da shi shekara uku da suka wuce, sai ya ba wani abokinsa Balaraben daji karyarsa, ya dawo gida jinya, ɗanmu ya gaji aikin. Shi ɗan fari ne, shi ya sa ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko da yake furfura ta fara fito masa a gemu.

Tun da karyar nan ta bar gonar, yanyawa ta mai da akurki kamar kasuwa, zomaye kuma suka sa barsim a gaba. Mai gonar ya sayo wani kare mai tsada irin na Larabawa da ake kira saluki. Ranar farko da aka sake shi ya ga zomo, ya bi shi, har yau ba a sake ganinsa ba. Sai mai gonar ya gaya wa ɗana cewa takardarsa ta zama, wato igama, saura wata ɗaya ta ƙare, kuma in bai iya tsare masa kaji ba zai kawo wanda ya san kan kare. To igamar nan a hannun mai gonar take. In ta faɗi, ɗana da matarsa da 'ya'yansa huɗu sun zama marasa takarda a garin da aka haife su.

Shi ne ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, Baba bai taɓa gaya miki yadda ake zaɓen kare ba?"

Na ce, "Ni ya aura ko kai? Shekara hamsin ina jin zancen kare da tuwo a bakina."

Maƙwabta sun yi ta magana. Wata ta ce, Hajiya, daga takaba sai kare? Na tambayi mijin mai rubuta mini, ya ce karen farauta da na tsaron gona babu laifi a kansu. Na ce to a gaya wa masu magana. Na ɗauko wani abin wuya na jar fata da Malam ya ɗinka da hannunsa, wanda yake rataye a ƙusa bayan ƙofa tun ranar da ya rabu da karyarsa. Na sa shi a jaka tare da kwalbar yaji da ƙullin daddawa, don ban yarda da girkin kowa a tafiya ba.

Mun tsaya a bakin titi mun karya da tamis mai zafi da wake dafaffe da ake ce wa ful. Tamis ɗin ya ƙanƙance, da can ɗaya yakan ishe mu ni da Malam har mu rage, yanzu kuwa ni kaɗai na cinye nawa ina kallon na ɗana. Daga nan muka miƙe. Da muka wuce alamun iyakar Harami na tuna yadda Malam yake yi. A cikin iyakar nan ko tattabara ba ya korewa, yana cewa naman nan duk baƙin Allah ne. Amma da zarar mota ta fita, sai ka ga idonsa ya canja, yana leƙen gindin kowace ƙaya. Muka wuce ta gefen Arfa, fili fetal babu kowa, kamar ba nan ne muka tsaya cikin dubban mutane muna kuka ba. Na yi ɗan kukana a nan ma. Ɗana ya miƙo mini ruwa.

Sai hawan dutsen Hada. Jama'a, wanda ya yi hanyar nan ya sha aiki. Kwana a kan kwana, mota tana nishi, in ka leƙa ƙasa sai ka ga manyan motoci kamar ƙwari. Kunnuwana suka toshe. Na riƙe ƙofa da hannu ɗaya, tasbaha da ɗaya. Can sama kuma ga birai a kan katangar titi, zaune da iyalansu kamar masu jiran a raba musu gado. Ɗana ya tsaya don inji ya huce, ni kuma na manta na bar gilashi a buɗe. Kafin in ce wani abu, wani ƙaton biri ya zura hannu ya ɗauke sauran tamis ɗin ɗana da nake ta haƙo tun ƙasa. Ya koma kan katanga yana ci yana kallona. Na yi dariya har da tari. Ita ce dariyata ta farko tun rasuwa, kuma biri ne ya jawo ta.

A saman dutsen iska ta sauya. Mu da muka baro zafin Makka sai ga ni ina jan mayafi. Masu sayar da kayan marmari sun jera rumman da inabi da wani ɗan itace mai ƙaya da ake kira barshumi, wanda mai sayarwa ke fere maka da wuƙa don kada ƙayar ta shiga hannunka. Muka sha shayi mai na'a-na'a a tsaye. Ba mu shiga cikin Ɗa'ifa ba, muka ratse ta gefe, kwalta ta ƙare, muka hau burji, burji ma ya ƙare, muka bi sawun tayoyi a tsakanin duwatsu. Kowane rami sai da ƙuguna ya gaishe shi.

Hantsi ya yi sosai muka isa wurin abokin Malam. Tsoho ne dogo, busasshe, da jan rawani, yana zaune da matarsa da garken awaki a gindin wani dutse. Yana da gini na bulo amma a tanti yake wuni. Da ya ji ko ni wace ce sai ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana yi wa Malam addu'a. Matarsa ta rungume ni. Aka kawo gahawa da dabino, aka kawo shayi a buta da madarar akuya a kwano. Larabcina na kasuwa ne, na sayen albasa da tambayar hanya, nasu kuma na daji ne mai nauyi, don haka ɗana ne ke yi mana tafinta. Shi Larabci ya fi zama a bakinsa. Hausarsa ta cikin gida ce, ta ci abinci da je ka dawo.

Da aka faɗi abin da ya kawo mu, tsohon ya tashi da kansa ya jawo karnuka biyu. Tsakani da Allah ban taɓa ganin kyawawan karnuka irinsu ba. Saluki ne tsantsa, 'yan wata goma, launin ƙasa, ciki a ɗame, ƙafafu kamar sandar rake, gashin kunne yana lilo kamar na amarya. Ya ce in zaɓi wanda nake so kyauta, don matar abokinsa ba za ta sayi kare a hannunsa ba. Ya ce ya san uwayensu da kakanninsu har hawa bakwai. Ɗana ya ga abin so, har ya fara shafa ɗaya yana cewa, "Inna, wannan, wallahi wannan."

Ni kuwa idona yana can wajen turken awaki. Akwai wani kare a ɗaure, sa'ansu ne, amma bai yi kyansu ba ko kusa. Gashinsa a cukurkuɗe, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ƙirji faffaɗa, ƙafa doguwa amma mai kauri. Tun da muka zauna yake bin kowa da kallo. Sai na nuna shi da baki na ce wa ɗana, "Ka ce masa na gode, amma wancan barbarar yanyawan nake so in gani."

Ku da kuke gida kun san abin da nake nufi. Barbarar yanyawa, wato ruwa biyu, uwa daban uba daban. Ko mutum ma ana ce masa haka. To ɗana bai taɓa jin kalmar ba. Ya san yanyawa, don ita ta hana shi barci, ya kuma san barbara. Sai ya haɗa su yadda ya ji, ya juya ya gaya wa tsohon da Larabci cewa innarsa ta ce wancan karen yanyawa ce ta haife shi, wai dabbar daji ta shigo har turke ta hau karyarsa.

Tsohon ya ajiye kofinsa. Matarsa ta ja mayafi ta rufe baki. Ya fara magana a hankali, muryar tana hawa, yana nuna tanti, yana nuna dutse, yana buga ƙirji. Ɗana ya yi zuru-zuru.

Na ce, "Kai, me ka gaya masa?"

Ya ce, "Abin da kika ce, Inna. Yana cewa shekara sittin yana nan ko ƙyallin yanyawa bai taɓa kusantar turkensa ba. Wai ya ba ki mafi kyawun abin da ya mallaka kin ƙi, kuma kin zage shi a gidansa."

Na ce, "Innalillahi. Ni na haife ka kuwa?"

Na ga in na bar wa ɗana gyaran maganar nan sai mun koma gida hannu rabbana. Sai na jawo kofi babu komai a ciki na ajiye a gaban tsohon. Na ɗauki butar shayi na zuba rabi, na nuna saluki. Na ɗauki kwanon madara na cika kofin, na nuna wajen garke inda karnukan makiyaya suke kwance. Na juya da cokali, na nuna mai kunne ɗaya a kwance. Sannan na ɗaga kofin na kurɓa na ce da Larabcina na kasuwa, "Mai daɗi."

Tsohon ya kalli kofin, ya kalle ni, ya kalli ɗana. Sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce su da Larabci hajin suke ce wa mai ruwa biyu. Ya yi ta maimaita barbarar yanyawa yana karya harshe, matarsa tana taya shi. Ya daki kafaɗar ɗana ya ce masa wani abu, ɗana ya sunkuyar da kai. Da na matsa masa ya faɗa mini, ya ce, "Wai ni ma hajin ne, rabin kunnena Hausa rabi Larabci." Na ce ai bai yi ƙarya ba.

Daga nan tsohon ya ce in san cewa karen da na nuna ba baƙona ba ne. Ɗan karyar Malam ne, ubansa kuma saluki. Ban yi zaton tana raye ba. Ita ma ruwa biyu ce, uwarta saluki, ubanta karen makiyaya. Malam ya sa mata suna Bar-su, saboda masu cewa wane irin alhaji ne ke yawo da kare. A gidansu haka ake yi, sunan kare amsa ce ga mutane. Tsohon ya ce tana bayan dutse a inuwa, ta tsufa, ba ta cika tashi wa kowa ba, kuma ya sa mata wani suna na Larabci da ban iya riƙewa ba.

Na miƙe na dogara sandata. Na ɗaga murya yadda Malam yake yi, yana jan ƙarshen, na ce, "Bar-suuu!"

Na ɗan jira. Sai ga ta ta fito daga bayan dutse tana ɗingishi, bakinta duk ya yi fari. Ta tsaya tana shinshina iska. Na sake kira. Ta taho, ba gudu ba, amma wutsiyarta kamar za ta tsinke. Ta wuce ni ta je ta shinshina motar, ta zagaya ta, ta leƙa ciki. Na san wanda take nema. Da ba ta gan shi ba ta dawo ta kwanta a kan ƙafata. A nan na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi, don ranar mutane sun yi yawa. Na ce mata, ya tafi, ni ma ya bar ni. Matar tsohon ta zauna kusa da ni tana nata kukan. Ba mu jin harshen juna amma mun daɗe a haka.

Da na share ido na ce a kwance mini karnukan uku, aiki na zo yi. Na yi yadda na ga Malam yana yi. Na fara da tafin ƙafa. Na saluki laushi ne da shi, na yashi ne, duwatsun gonar nan za su yanka shi cikin sati. Na ɗan Bar-su kuwa kamar tafin takalmi. Na sa hannu a ƙirji na ji faɗinsa. Na ɓoye guntun nama a ƙarƙashin dutse, salukin nan biyu suna ta kallon nesa, shi kuwa ya sa hanci a ƙasa ya je ya tono. Zomo da ido ake binsa a fili, amma yanyawa ba ta tsayawa a fili, sai mai hanci. Na bayyana wa ɗana duk wannan, yana gyaɗa kai, amma na ga har yanzu ransa yana kan mai gashin kunne.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda Malam ya fi ba wa muhimmanci. Na ce a kai su bakin fili a sake su gaba ɗaya, kuma kada kowa ya kira. Aka sake su. Salukin nan biyu suka tashi kamar an harba su, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, kafin ka ƙifta ido sun zama ɗigo biyu. Kyau kam ya yi kyau, har tsohon yana kabbara. Ɗan Bar-su yana bayansu, bai kai su gudu ba amma bai yi nisa da su ba. Da ya kai kan wani tudu sai ya ja birki. Ya juyo. Ya tsaya yana kallonmu, kunne ɗaya a sama.

Na ce wa ɗana, "Ka gani? Babanka ya ce kowane kare yana gudu. Wanda zai tsaya ya duba ko kana nan, shi ake kai wa gida."

Ɗana bai sake maganar mai gashin kunne ba. Salukin nan sai da tsohon ya hau mota ya je ya tattaro su. Na fito da abin wuyan jar fata na ɗaura wa ɗan Bar-su da hannuna, ya zauna masa daidai. Aka yanka mana ɗan akuya, aka dafa shinkafa da madara har ta yi laushi kamar kunu mai kauri, aka ɗora naman a kai. Na wanke hannuwana sosai na canja zane na yi azahar, sannan na ci. Na fito da yajina na barbaɗa, matar tsohon ta ɗanɗana ta yi ta hawaye tana neman ƙari. Na bar mata kwalbar. Bar-su kuwa na bar ta inda take, ta saba da inuwarta.

Da la'asar muka isa gonar, karen yana bayan mota yana shan iska. Shekaru na yi ban zo ba. Ɗakin Malam yana nan, har ƙusar da yake rataye butarsa. Mai gonar, mutum ne mai jiki mai ƙaramar murya, ya yi mini gaisuwa da mutunci. Amma da ya ga karen sai fuskarsa ta sauya. Ya zagaya shi ya ce wa ɗana, duk tafiyar nan wannan kuka samo? Ɗana ya ce innarsa ce ta zaɓa. Saboda kunyata, mutumin ya ce za a gani da safe.

Washegari bayan mun yi asuba, gari ya fara haske, sanyi yana shiga ƙashi, sai kaji suka ɓarke da kuka. Muka fito. Ga yanyawa can tana bin gindin katanga, 'yar ƙarama da manyan kunnuwa, ba za ka ce ita ce ke neman raba mutum shida da garinsu ba. Ɗana yana riƙe da karen. Na ce, "Yi bisimilla ka sake shi." Ya yi bisimilla ya saki, ya kwatsa ihu da Hausa, "Kama ta!" Karen da aka rena da Larabci bai tsaya neman tafinta ba. Ya tsallake katanga, yanyawa ta yi cikin duwatsu, ya bi ta, suka ɓace.

Muka tsaya. Mai gonar ya fito da bargo a kafaɗa ya harɗe hannu. Rana ta fara leƙowa. Babu kare, babu haushi. Mutumin ya nuna tsakanin duwatsun ya ce wancan salukin mai tsada ma ta nan ya bi. Ɗana ya buɗe baki zai yi kira, na riƙe masa riga na ce kada ya kuskura. Amma ni kaina ba ni da tabbas. Na ce a raina, Malam, in na yi kuskure ka yafe mini, iyakar abin da na ji ke nan. Na ja tasbaha ta ƙare na sake jawowa.

Sai ga kunne ɗaya a kan dutse. Ya tsaya ya dube mu, sannan ya gangaro a hankali da abu a bakinsa. Ya zo har gaban ɗana ya ajiye. Zomo ne, ƙato, da sauran ransa. Yanyawa aka aike shi, ya dawo da zomo. Mai gonar ya yi dariya da 'yar muryarsa har bargon ya faɗi, yana cewa ya dawo, wallahi ya dawo. Ɗana ya yi maza ya yanka zomon. Karen kuma bai zauna ba, ya yi ta zuwa yana dawowa har suka bi shi, ya kai su bakin wani rami a ƙarƙashin dutse ya tsaya yana haushi. Shekara uku suna neman ramin yanyawar nan. Abin da za su yi da shi da maganar izinin farauta, wannan na mai gona ne. Ni dai na ji da kunnena ya ce wa ɗana ya kawo masa takardunsa ranar Lahadi a sabunta. Wannan Larabcin ban nemi a fassara mini ba.

Na dafa zomon da daddawa a tukunyar Malam. Mai gonar ya ci ya tambayi mene ne wannan mai wari mai daɗi. Aka ce in sa wa kare suna. Na tuna masu cewa daga takaba sai kare, na ce sunansa Sun-gani.

Mun kamo hanyar gida da hantsi, da kwandon rumman da mai gonar ya sa a mota. A saman Hada na tsaya a miƙati na yi niyyar umara don Malam. Birai suna nan, amma wannan karon na rufe gilashi. Gangara ta fi hawa ban tsoro, sai dai zuciyata ta yi sauƙi har na riƙa leƙa ƙasa. Ɗana ya tura ni a keken guragu na yi ɗawafi da sa'ayi, muka iso Ka'akiyya kafin magariba. Na raba rumman gida gida, na fara da gidan wadda ta fi yin magana.

Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne, ashe ba duka Malam aka binne ba. Ina zaton ya tafi da komai, sai na tarar wani abu ya rage a kunnena, na shekara hamsin da nake ji ina cewa ya ishe ni da zancen kare. Na kuma gane laifina ne da ɗana bai san barbarar yanyawa ba, don ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba. Na ce ya riƙa turo mini matarsa da 'ya'yan ranar Juma'a, in yi ta yi musu surutu ko sun so ko ba su so ba.

Ƙusar bayan ƙofa yanzu babu komai a kanta, kuma ban ji zafin hakan ba. Da ɗana ya ajiye ni zai koma gona, na fito bakin ƙofa ina kallonsa yana tafiya wajen mota. Ban kira shi ba. Ya yi nisa, har ya kai kwanar lungu inda mai tamis yake. Sai ya tsaya, ya juyo, ya duba ko ina nan.